Yadda ake fara koya wa ƙaramin yaro golf a Saudiyya, daga dardumar falo zuwa fili

Sandar golf ta farko da na ba yarona, ni na ɓata ta da hannuna. Yana ɗan shekara biyar a lokacin. Na tsinci wata tsohuwar sandar manya a kasuwar gwanjo a nan Jidda, na kai wa mai walda ya datse min ita daidai ƙugun yaron, na naɗe mariƙin da tef, na dawo gida ina ganin na yi dabara. Da ya ɗaga sai kan sandar ya rinjaye shi, ya yi taga-taga. Sau uku yana kai duka bai taɓa ƙwallo ba, a na huɗu ya kwashi ƙasa. Ya ajiye ya ce, "Abba, wannan wasan ba daɗi," ya koma kan tamaularsa. Sai da aka yi wata shida kafin ya yarda ya sake riƙe sanda.

Laifin ba nasa ba ne. Kan ƙarfen sandar manya ya haura giram 250, an ƙera shi ne don damtsen babba. Ita kuma ƙotar, in aka datse ta sai ta sandare, ta daina ɗan lanƙwashewar da ke taimaka wa ƙwallo tashi. Ka ga an ba yaro gatarin babba da guntuwar ƙota, an ce ya yi faskare.

Da yawa cikinmu Hausawan da ke zaune a Makka da Jidda da Riyad muna ɗaukar golf, wato ƙwallon lambu, wasan Turawa ne da masu hannu da shuni, kuma ba mu yi ƙarya ƙwarai ba. Amma abin ya matso kusa. A 2019 aka fara gasar Saudi International a filin Royal Greens da ke Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah, arewa da Jidda, kuma Dustin Johnson na Amurka ne ya ci ta farko. A shekarar ce Usman Almulla ya zama ɗan Saudiyya na farko da ya mai da golf sana'a. A 2020 aka yi gasar ƙwararrun mata ta farko a ƙasar, a wannan filin dai. A 2022 kuma aka kafa sabuwar gasar ƙwararru mai suna LIV da kuɗin asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya. Yaranmu suna ganin waɗannan a waya da talabijin, wata rana ɗayansu zai ce yana so ya gwada. Ga yadda na bi a karo na biyu, bayan na sha kunya a na farko.

Auna yaro kafin ka je shago

Kada shekarun da aka rubuta a kwali su ruɗe ka. Yara biyu 'yan shekara shida, ɗaya zai iya fin ɗaya tsawo da taƙi guda. Tsayar da yaron jikin bango da takalmin da zai yi wasa da shi, ka ɗora littafi a kansa, ka yi alama, ka auna da tef ɗin tela. Wannan lambar ce za ka tafi da ita.

Kamfanonin da suka san aikinsu da tsawo suke rarraba sandunan yara. US Kids Golf, alal misali, yana farawa daga yaro mai inci 39, wato kusan santimita 99, yana hawa inci uku-uku har zuwa 63. In yaronka ya faɗa tsakanin girma biyu, ɗauki ƙaramin. Na san wannan ya saɓa wa al'adarmu. Mu da muka saba ɗinka wa yaro rigar Sallah da yalwa a ce "zai girma ya cike ta", da wuya mu yarda mu sayi abin da zai yi kaɗan baɗi. Riga in ta yi yawa sai a naɗe hannu. Sanda in ta yi tsawo, yaro ne zai karkace jikinsa don ya bi ta, kuma wannan karkacewar za ta zauna masa ko bayan ya girma. Yaro a waɗannan shekarun yana ƙara kamar santimita shida a shekara, saboda haka ka sa a ranka cewa jakar sanduna ɗaya shekara guda ce zuwa ɗaya da rabi, daga nan ƙaninsa ya gada. Wannan ne ma ya sa na hannu ba abin kunya ba ne. Ka duba Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, ko ka tambayi iyayen da ke kai yara fili, akwai masu neman rabuwa da sandunan da 'ya'yansu suka fi ƙarfinsu.

Kafin ka biya, san ta wane ɓangare yaron yake duka. Miƙa masa tsintsiya mai dogon hannu, ka ajiye kwalbar roba a ƙasa, ka ce ya doke ta da hannu biyu. Yi haka sau da yawa a ranaku daban-daban, ba tare da ka gyara masa tsayuwa ba. Ɓangaren da ya fi komawa, shi ne nasa. In ya fito bahago ka saya masa sandar bahagwai, don kanta a juye yake. Cin abinci da dama tarbiyya ce da addini, wannan kuwa wasa ne. Phil Mickelson da dama yake komai na rayuwarsa, amma da hagu ya ci manyan gasanni shida, don tun yana ƙarami yana tsayawa gaban mahaifinsa yana kwaikwayonsa kamar madubi.

Sanda nawa?

Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki har 14. Yaro ɗan shekara huɗu zuwa shida uku sun ishe shi, kuma da biyu ma za a fara.

Ta farko fota, mai miƙaƙƙiyar fuska, wadda ake gangara ƙwallo da ita zuwa rami. Ta biyu ƙarfe mai lamba 7 ko 9, ko wanda ake kira weji. Ƙa'idar lambobin nan ita ce, duk sa'ad da lamba ta hau, ƙota tana gajarta, fuskar sanda tana ƙara kwanciya, ƙwallo yana tashi sama sosai amma ba ya nisa. Mai kwantacciyar fuska ta fi wa yaro, don abin da zai riƙe shi a wasan shi ne ya ga ƙwallo ya bar ƙasa. Ta uku ita ce mai ƙaton kai da ake kira direba (ba ruwanta da tuƙin mota). Ita yara suka fi so, ita ce kuma mafi wuyar sarrafawa saboda tsawonta. In ta zo a cikin jakar, ɗaga ta ka ɓoye a saman kwaba na 'yan makonni.

A shago, ba yaron sandar ya ɗaga da hannu ɗaya ya miƙe ta gabansa. In kan ya sunkuya, wuyan hannunsa ya karye, ta yi masa nauyi. Nemi mai ƙotar girafait, ta fi ta ƙarfe sauƙi. Duba mariƙin ma: in ya riƙe, yatsunsa su kusa taɓa tafin hannunsa. Jaka ta kasance mai ƙafafu da igiyar goyo biyu, don ya ɗauki kayansa da kansa. Takalmi na musamman da safar hannu duk a bar su tukuna, kambas ɗin makaranta ya wadatar.

Sai ƙwallo. Na gaske ƙarami ne, faɗinsa bai kai santimita huɗu da rabi ba, nauyinsa bai wuce giram 45.93 ba, amma tauri gare shi kamar tsakuwa. A gida na soso ko na roba mai huji-huji za a yi amfani da shi. Wanda ke zaune a bene, ga gilashin maƙwabta ga motoci a ƙasa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Doka ɗaya kafin a taɓa sanda

Ba a kaɗa sanda sai an waiga. Ka sa ya zama kamar bisimilla kafin cin abinci: ya duba dama, ya duba hagu, ya duba baya, sannan ya ɗaga. Haɗarin da ya fi yawa a wasan yara ba daga ƙwallo yake zuwa ba, daga ƙanwa ce da ta rarrafo ta baya ba a gan ta ba. Ni darduma nake shimfiɗawa nesa kaɗan, taku biyar na babba, in ce duk wanda ba shi ke duka ba a kanta zai zauna, kuma sanda ɗaya ce a hannu a lokaci guda. Ranar da aka karya dokar, an tashi wasa ke nan, ba faɗa ba duka. Sau biyu na yi haka, ban sake buƙata ba.

Fara daga bakin rami

A nan ne iyaye suka fi kuskure, har da ni. Muna so mu ga yaro ya narka ƙwallo ya yi nisa, sai mu fara da mafi wuya. Bi ta baya: fara da abin da zai iya yau.

A falo, kwantar da kofin roba a kan kafet, bakinsa yana kallon yaro. Ajiye ƙwallo taku ɗaya daga kofin. Ba shi fota ka ce ya tura shi ciki. Shi ke nan darasin ranar farko. Kada ka ce masa komai game da riƙo ko tsayuwa. In ya shigar uku a jere, ja baya da taƙi ɗaya. In ya kuskure biyu, matso. Ramin gaske faɗinsa milimita 108 ne, kusan bakin babban kofi, don haka idonsa yana sabawa da girman da zai tarar a fili.

Bayan kwana biyu ko uku sai ka shigo da gyara, ɗaya tak: ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, hannaye da kafaɗu su tafi tare su dawo tare kamar lilo. Kalmar lilon ta fi duk wani bayani aiki, don ya san shi. Nakan ce, "Lilo baya, lilo gaba," shi kuma yana maimaitawa yana yi. Daga nan sai wasanni. Jera filo biyu a bar ƙofa tsakaninsu, a ce ƙwallo ya wuce ta ciki. Ko a sa tsumma a ƙasa a ga wa zai tsayar da ƙwallo a kansa, wannan yana koya masa ƙarfin hannu, wanda ya fi saiti muhimmanci. Ka yi gasa da shi, kuma kada ka riƙa faɗuwa da gangan kullum. Yara suna ganewa. Gara ka ba shi rata, kai daga bakin ƙofa shi daga tsakiyar ɗaki, sannan ka yi iya yinka.

Minti goma zuwa sha biyar. Ka tashi wasan tun yana cewa "saura ɗaya". Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace a wurina: a rabu yana marmari, gobe shi zai ɗauko sandar ya same ka.

Riƙo da tsayuwa

In mako biyu ya wuce yana jin daɗin fota, fito da ƙarfen. Nemi wuri mai fili: tsakar gida in akwai, ko ciyawar istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, ranar da dangi suka kama ta a ƙarshen mako, ko wani lungu na lambun unguwa da ba jama'a, da ƙwallon soso.

Ga mai dukan dama, hannun hagu ne a sama, na dama a ƙasansa, suna manne ba rata. Yatsu goma duka a kan mariƙi, manyan yatsu biyu suna kallon ƙasa ta kan ƙota. Manya suna sarƙa ƙaramin yatsa da manuni, amma hannun yaro bai kai nan ba, a bar shi da yatsu goma. In ya damƙe sandar har jijiya ta fito, ce masa ya riƙe kamar yadda zai riƙe ɗan tsako: kada ya kuɓuce, kada kuma ya mutu.

Tsayuwa kuwa, ya ɗan sunkuya daga ƙugu kamar mai shirin ruku'u amma bai kai ba, gwiwoyi a sake, hannaye su sauko da kansu. Ƙwallo a tsakiyar ƙafafunsa. Kuma ka ɗora ƙwallon a kan ɗan turken nan da ake kira ti, ko da yaushe, ko da wace sanda. Wasu za su ce ai doka ba ta yarda da ti ba sai a dukan farko na kowane rami. Gaskiya ne, amma dokar gasa ce, ba ta tsakar gida ba. Ƙwallon da ke kan turke ya fi sauƙin tashi, kuma tashin ne muke nema.

Fara da ɗan gajeren kaɗi, sanda ta kai ƙugu a baya, ta kai ƙugu a gaba, ta share ciyawa a tsakiya. Kafin a sa ƙwallo, kafa turken shi kaɗai ka ce ya tumɓuke shi. Idan ya iya sau biyar, ɗora ƙwallo, ka ce har yanzu turken zai doka. Za ka yi mamaki.

Abu na ƙarshe da nake koyarwa shi ne ƙarewa. Bayan duka, cibiyarsa ta kalli inda ƙwallo ya nufa, nauyinsa ya koma ƙafar gaba, diddigen baya ya ɗaga har a ga ƙasan takalmin. Nakan ce, "Tsaya in ɗauke ka hoto," in ƙirga uku. Yaron da ya iya tsayawa a haka bai faɗi ba, yawancin abin da ke tsakiya ya gyaru da kansa.

Akwai maganar da za ka ji kowa yana yi wa yaro: "Kada ka ɗaga kai." Ka bar ta. Tana sa yaro ya ƙame wuya ya kasa juyawa. Kuma ka yi hankali da taron masu gyara. Ranar da muka je istiraha, kawunsa yana cewa ya matso, yayana yana cewa ya ja baya, ni ina cewa ya sassauta hannu, sai yaron ya tsaya ya dube mu ya ce, "To wa zan bi?" Daga ranar, gyara ɗaya a zama ɗaya, daga bakin mutum ɗaya. Sauran su tafa kawai.

Rana da lokaci

Wanda ya san Jidda a watan Yuli da Agusta ya san ba a tsayar da yaro a fili da rana, ga zafi ga gumi mai danƙo. Riyad kuma zafinta busasshe ne, yana kaiwa digiri 45, yaro zai bushe bai sani ba. Lokacin fita daga Nuwamba ne zuwa Maris, bayan sallar Asuba ko bayan La'asar. Sauran watannin na kafet ne da fota a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, kuma ba asara aka yi ba. Hula, gorar ruwa, a kurɓa duk bayan ƙwallo goma ko bai ce yana jin ƙishi ba. In kuka bar sanduna a bayan mota da rana, taɓa kan ƙarfen da hannunka kafin ka miƙa masa.

Zuwa fili na gaske

Kada ka fara da biyan kuɗin zagayen rami 18, wanda ke cin awa huɗu ko fiye. Kusan kowane fili yana da wurin gwaji, inda ake sayen kwandon ƙwallaye a tsaya wuri ɗaya a yi ta duka, da kuma shimfiɗar ciyawa ta gwada fota. Nan ne wurinku na watanni. Mutanen Riyad suna da Riyadh Golf Club da Dirab. Mu na yamma muna da Royal Greens, kuma jirgin ƙasan Haramain da ke tsakanin Makka da Madina yana tsayawa a birnin da filin yake. Buga waya kafin ka tafi. Tambayi ko suna karɓar wanda ba mamba ba, daga shekara nawa suke barin yara, da ko suna da ajin yara na rukuni. In akwai ajin, sa shi. Yaro ya fi jin maganar koci a kan ta ubansa, kuma ganin sa'anninsa suna kuskure kamarsa yana kwantar masa da hankali. 'Ya mace ma haka, kayan da matakan duk ɗaya ne.

Tambayi batun sutura ma. Filaye suna son riga mai kwala da wando da takalmi rufaffe, ba jallabiya da silifa ba. Gara ka sani tun daga gida da a tsayar da kai a ƙofa gaban ɗanka.

A wurin gwaji, ƙaramin kwando ya isa, ku raba. Zaɓi tabarmar can ƙarshe, ka tsaya inda kake ganin fuskarsa, ba bayansa ba. Ka gargaɗe shi kada ya taɓa tsallaka layi don ɗauko ƙwallon da ya gangara gaba, ko da taku ɗaya ne, don na kusa da ku ƙwallon gaske yake harbawa. Koya masa kalmar da ake ƙwalawa in ƙwallo ya nufi mutane, "fo", da abin da ake yi in an ji ta: a duƙa a rufe kai da hannu, ba a ɗaga ido a nemi inda yake ba.

Ranar da za ku taka filin sosai, nemi la'asar ɗin da ba cunkoso, ku yi rami uku kawai. Kada ya fara daga inda manya ke farawa. Kai shi kamar taku 50 daga tutar da ke kafe a ramin, ka kafa masa ti a nan. In ya kai duka takwas bai shiga ba, ɗauki ƙwallon ku ajiye kusa da rami ya ƙarasa da fota, don kowane rami ya ƙare da jin ƙarar faɗawar ƙwallo. In wasu sun biyo ku, matsa gefe ka ba su hanya. A nan zai koyi ladubban wasan, kuma ba baƙi ba ne ga yaron da aka yi wa tarbiyyar gida: a yi shiru in wani zai doka, ba a gudu a kan ciyawar bakin rami, ba a taka tsakanin ƙwallon wani da rami, in an shiga ramin yashi a share sawu da manjagara kafin a fita.

Ƙirga kuwa, bar shi ya yi da kansa. Golf wasa ne da yawanci ba alƙali a kanka, kai ne kake faɗin duka nawa ka yi, kuma dukan da ka kai da niyya ka kuskure ƙwallon ma ana lissafa shi. Ban tsananta wannan ba da farko, don ban ga amfanin cika wa ɗan shekara shida kai da lissafi ba. Ranar da muka fara yin rami uku, a na biyun na juya ina neman gorar ruwa a jaka, na ji shuu, ban ji ƙarar ƙwallo ba. Da muka ƙarasa na ce, "Biyar ko?" Ya ɗaga yatsu yana ƙirgawa, ya ce, "Shida ne, Abba. Akwai wanda ba ka gani ba." Na rubuta shida, ya saɓa jakarsa, muka nufi rami na uku kafin a kira Magariba.